Gawar Ranar Alhamis

Hayyin Ashir, Alƙahira
Watan Rajab

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan lafiya ƙalau, kuma ki maimaita layin nan: lafiya ƙalau. Mahaifinki, Kawu Illiyasu, yana nan da ransa. Yanzu haka yana gabana da kofin shayi yana zagin sanyin Masar. Gwiwarsa ta hagu ce kawai ke damunsa, kamar kullum.

Tunda kin toshe lambata, dole na koma takarda irin ta mutanen da. Hajiya Husaina mai saro abaya za ta kawo miki. In kin ga dama ki yaga, amma ki karanta tukuna.

Hoton da ya tayar da hankalin Damagaram ba sanarwar rasuwa ba ce, tallar wasa ce, kuma ni na tsara ta. A sama an rubuta, "Wa ya kashe Alhaji Illiyasu?" A ƙasa kuma, "A zo a ci tuwo a gano, Alhamis bayan Magariba." Wani mai saurin hawaye ya yanke rabin ƙasa ya tura gida. Gari guda, a ce babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa tun yaushe ake sanar da mutuwa da tambaya? An ce har tabarmi an shimfiɗa a ƙofar gida, liman ya zo, ke kuma kin yanke jiki kin faɗi. Faɗuwarki ta dame ni, wallahi. Amma dariyar da kika ji a waya ba tawa ba ce, ta Kawu ce, da ya ji sunayen waɗanda suka zo gaisuwarsa. Mutanen da ko sallama ba su taɓa aiko masa ba tun da ya bar gida!

Kika ce na mai da ubanki abin wasa. A gidansa na tashi, Yaya, a kwano ɗaya muka ci da ke. Ni ke ɗaura masa magani a gwiwa. Masu shimfiɗa tabarma wanne ya san kalar maganin?

A gaida yara.

Ƙanenki,
Tanimu

*

Zango, Damagaram
Watan Sha'aban

Tanimu,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, na gode Allah da Baba yana lafiya. Mu ma lafiya, sai ɗan zazzaɓi da ya kama autana, ya warware. Maigida yana gaishe ku.

Ban yaga ba. Na ga dai har yanzu bakinka yana gaba da hankalinka, kamar lokacin da malamin lakwal, makarantar boko, ya kore ka don ka gyara masa karatu a gaban mutane. Kai da kake can kana ganinsa kullum, kana da sukunin duba alamar tambaya. Ni hoton mahaifina na gani, fari da baƙi, da sunansa, da kalmar kisa. A garin nan in ka ga hoton dattijo yana yawo a waya, me ake nufi? Ka manta ne, ko Masar ta wanke maka kai?

Kuma me ya sa sunansa na gaskiya? Sunaye sun ƙare a duniya?

Ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Baba ya kai Inna asibiti can, Allah ya yi mata cikawa can, aka rufe ta can. Muka ce ya dawo, ya ce sai an yi arba'in. An yi. Ya ce sai shekara. Yanzu an doshi goma. Kullum da dalili: yau yana yi wa marasa lafiyar gida tafinta, gobe gwiwa. Yanzu kuma wasa. Dattijo mai furfura ya kwanta a ƙasa mutane suna cin tuwo a kansa!

Ina son Baba ya dawo gida bana. Ba roƙonka nake ba. Amma tunda ka ce ban san komai ba, faɗa mini: wane irin abu ne wannan, kuma ya aka yi kuka fara? Rubuta da hankali, ban da zagi.

Lambarka tana nan a toshe. A takarda ka fi daɗin ji, don ina iya ajiye ka in sha ruwa.

Yayarki dai, ko ka so ko ka ƙi,
Zaituna

*

Hayyin Ashir
Farkon Azumi

Yaya Zaituna,

Barka da shan ruwa. Ina fatan autanki ya murmure sosai. Kawu lafiya, yana azuminsa. Ni ma lafiya, in ban da bayana da ɗaurin kayan 'yan kasuwa ya gama da shi.

Kin rubuta "yayarki", ni namiji ne. Ban ce komai ba, kin ga na fara hankali.

To ga yadda aka yi. Kin san na zo garin nan da sunan karatu, takardu suka ƙi, na koma ɗaure kaya. Karatun da makaranta ta hana ni, a kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiya na same shi. Da littattafan binciken kisa na koyi Larabci, irin masu yagaggen bango, kalma ɗaya in tambayi mai shayi, ɗaya in tambayi bawwab mai gadin benenmu.

Akwai gidan abinci a layinmu, na Fadl. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso Makka a ƙasa suka tsaya a hanya. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, in ya yi magana sai ki ce kakarmu ce ta dawo da gemu. Wata Alhamis ina zaune can ina karanta wani littafi, an kashe attajiri a gidan biki, na zo daidai inda za a faɗi wanda ya yi, sai na tarar an yage shafukan ƙarshe. Wani mugu ya naɗe ta'amiyya, ƙosan Masar, da su! Na yi jifa da littafin, ya faɗa cikin miyar wani Basakkwace.

Kawu ya ce, "Kai ɗan nema, me littafi ya yi maka?" Na ba shi labarin. Ya ce, "Matar ce." Basakkwacen yana share miya a riga ya ce, "Wace mata? Ƙanen nan ne, tun da aka ambace shi ban yarda da shi ba." Kafin ki ce me, gidan abinci ya rabu gida uku. Mutanen da suka gama ci suka sake zama suka ce a ƙaro. Fadl ya tsaya da ludayi yana kallonsu, ya dube ni ya ce, "Yaro, kana da wani marar ƙarshe?"

Nan Kawu ya gyara zama. Kin tuna wannan gyara zaman? Irin na lokacin da yake wasan kwaikwayo a gidan rediyo. Kin tuna rediyon da ke rataye a ƙusa jikin ɗakin Inna, in muryarsa ta fito yana alƙali, Inna ta tsai da taɓarya, mu kuma mu zauna a bakin turmi baki buɗe, alhali mutumin yana zaure yana yanke farce? Na kan ruga in leƙa shi in dawo, in ga ta yaya ya kasu biyu. To wannan fuskar ce ta dawo masa. Ya ce, "Ba karantawa za a yi ba. Yi za a yi, a tsakiyar masu ci. Ni ne gawa."

Shi ya zaɓa, Yaya, ba ni ba. Sunan ma shi ya ce a bar nasa, wai duk Hayyin Ashir an san shi, in aka kira shi Alhaji wane babu wanda zai ji zafin mutuwar.

Ranar farko abin kunya ne daga farko har ƙarshe, kuma ita na fi so. An zuba tuwon shinkafa da miyar kuka. Kawu ya tashi zai yi jawabi, ya kurɓi zoɓo, ya kama wuya, ya zube. Ya iya faɗuwa, Allah ya sani. Wata yarinya, Huda, 'yar Maraɗi mai karatun likita a Giza, ba ta san wasa ake ba, ƙawarta ce ta jawo ta. Ta tsallake tebur ta hau danna masa ƙirji. Ina jin Kawu yana raɗa, "Ɗiyata, sassauta, za ki kashe ni da gaske." Yau ita ce ke fitowa a matar mamaci, kuma in ta fasa kuka har masu wucewa a titi suna leƙowa.

Sai kuma Zainulabideen, ɗalibi daga unguwar Darrasa, Bakano, dogo. Shi zuwa ya yi ya hana, da littafi a hammata, wai wasa ƙarya ne. Aka yi masa bayani bai gamsu ba. Amma da ya ga na ce wa mutane, "Yalla, a ci abinci, bincike zai fara," sai ya miƙe ya ce, "Subhanallahi! A ci abinci gawa na kwance a buɗe? Ko ta wasa ce, ina ladabi?" Na duba, wallahi babu wanda ya sa hannu a kwano. A littattafaina Turawa da Larabawa suna ci gawa na gefe, ban taɓa tunanin Bahaushe ba zai iya ba. Tuwo yana hucewa, Fadl yana harara ta. Zainul ya kira mutum biyu suka juya Kawu ya fuskanci alƙibla. Wani ya jawo farin ƙyallen tebur zai rufa masa, sai gawa ta ce, "Ban da fari." Aka kwashe da dariya, aka rufe shi da bargon Fadl, sannan aka ci.

Tun daga ranar haka muke yi. Masu kallo su ke tashi su juya shi su rufe shi, sannan a ce bismilla. Wanda ya zo hanawa kuwa ya zama ɗan wasa. Shi ne amintaccen mamaci, kuma fuskar ustazancin nan tasa ta sa kowa ke zarginsa. Mako na biyu Kawu ya fito da wani tsohon zane daga akwatinsa, ya ce da shi za a riƙa rufe shi. Na sa miki hoto a cikin takardar nan ki gani, babu abin tsoro.

Yanzu ga sirrinmu, kada ki faɗa wa Hajiya Husaina, bakinta ya fi nawa. Wasanmu ba shi da ƙarshe ɗaya. Ni ne mai bincike, ina zagaya tebura ina tambayoyi. Mutane kuwa in za su yi shawara sai su rage murya kada in ji, amma ba sa jin kunyar gawa. A gefen kunnen Kawu suke ƙus-ƙus. In sun taru a kan Huda, ya motsa babban yatsan ƙafar dama a ƙarƙashin zane. In Zainul ne, na hagu. In Fadl ne, duka biyu. Ni kuma in juya labari in ɗora wa wanda ba su zata ba. Wanda ya gano yana da farantin agashe kyauta, kuma tun da muka fara Fadl bai yi asarar tsinke ɗaya ba.

To faɗa mini, wa zai iya wannan in ba shi ba? Kunne ake so, da haƙuri, da mutumin da zai ji ƙuda a hanci bai motsa ba. In ya tafi, khalas, wasa ya watse.

Kuma kin ce ana wulaƙanta shi. Shi da bakinsa ya ce mini duk mako babu lokacin da ya fi so kamar in an ja zanen nan an rufe masa fuska. Ki bar tsoho ya ji daɗinsa.

Tanimu

*

Hayyin Ashir
Bayan ƙaramar Salla

Yaya,

Barka da Salla, da fatan kowa lafiya. Mu lafiya.

Kin ce in rubuta da hankali, na rubuta har hannuna ya yi ciwo, kika yi shiru. Azumi ya wuce, Salla ta wuce. In ba ki da amsa ki ce ba ki da ita. Na sa wannan a hannun wani direba ɗan Tawa, in bai kawo ba Allah ya isa.

Tanimu

*

Zango, Damagaram
Watan Zulƙida

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ina fatan bayanka ya yi sauƙi.

Ajiye faɗanka. Doguwar takardarka ta kwana cikin ƙullin abayar Hajiya Husaina, ba ta kwance shi ba sai da mai kayan ta zo karɓa. Guntuwar ta riga ta zuwa, na karanta ina cewa wannan yaro ya haukace.

Na yi dariya a kan Huda, har yara suka taru. Na tuna rediyon nan ma. Yana nan, ba ya magana, na hana a zubar.

Sai na duba hoton, dariya ta ƙare.

Kai namiji ne, ba za ka gane ba. Zanen nan mai ruwan ƙasa da ganye-ganye na Inna ne. Ni na ɗaura mata shi da hannuna ranar da za su tafi, don ta kasa ɗaga hannu. Na zaci da shi aka yi sadaka.

Ka sake karanta abin da ka rubuto mini, Tanimu. Mutum ya ƙi barin garin da aka rufe matarsa. Duk mako yana kwanciya fuska alƙibla, a lulluɓe shi da zanenta, kuma ya ce maka babu lokacin da ya fi so kamar wannan. Kai da ka karanta littattafan duniya kana gano mai kisa, wannan ba ka gano ba? Baba ba wasa yake ba. Gwaji yake. Jira yake a kai shi kusa da ita, ku kuma kuna tafa masa.

Ban ce kana da mugun nufi ba. Na san kai ma da Baba kake riƙe, kuma wasan nan shi ne abu na farko da ka gina da kanka ya tsaya. Amma yarana ba su san kakansu ba sai a hoto, kuma hoton da suka fi gani shi ne wanda gari ya zo yi mana gaisuwa a kansa. Autana in aka ce "Kaka" sai ya ce, "Wanda aka kashe?"

Idon Baba ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Ka karanta masa wannan duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Na san halinka na sauya ƙarshen labari.

Zaituna

*

Hayyin Ashir
Ana gab da babbar Salla

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara, musamman autan nan mai baki irin nawa. Kawu lafiya, gwiwa da sauƙi.

Na karanta masa, ban tsallake komai ba. Na so in tsallake, ban yi ba. Ranar Juma'a ce, muna cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, za mu ziyarci kabarin Inna kamar yadda yake yi kowane mako. Muka je muka dawo. Sai a bakin bene ya ce, "Alhamis kai za ka kwanta. Ni zan yi bincike."

Na ce, "Ni? Kawu, ni da ko a sahun salla sai na daure nake shiru?" Ya ce, "Shi ya sa."

Na sha zoɓo na faɗi, faɗuwar banza, har Zainul ya ce, "Allah ya ji ƙansa, ko mutuwa bai iya ba." Aka juya ni, aka ja zane. Da farko haushi nake ji. Ƙasa sanyi, hancina ƙaiƙayi, wani Bakatsine yana faɗin shirme a kan gubar, ina ji kamar in tashi in gyara masa.

Sannan ban san lokacin da abin ya sauya ba. In idonki yana rufe, Yaya, Masar ɓacewa take. Babu bene, babu rubutun Larabci a bango. Sai Hausa ta ko'ina. Wata mata tana ce wa ɗanta, "Da dama ake ci, ɗan ƙwal uba." Wani yana roƙon a miƙo yaji. Ƙarar hannu a kwano, tsofaffi biyu suna gardamar ko an yi ruwa a gida. Zanen kuma har yanzu da ɗan ƙamshin turaren da Inna ke sawa a akwati. Sai ga muryar Kawu daga sama, muryar alƙalin nan ta rediyo, tana tambayar Huda ina take lokacin da aka zuba zoɓo. Wallahi ina bakin turmi. Ina jiran in ji kin ce in matsa na tare miki wuri.

Huda ta zo yin kukanta a kaina ta raɗa, "Malam, gawa ba ta jan majina." Yatsa kuwa na manta da shi sam. Kawu ya yi ta satar kallon ƙafata, shiru. Dole ya faɗi mai kisan da aka shirya tun farko, rabin gidan suka gano. Fadl ya raba agashe har na gobe, yana zagina da Hausar kakanninsa.

Da aka watse Kawu ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "To rubuta wa yayarka, wannan mutuwa ce?"

Kin yi kuskure, Yaya, ba kabari yake gwadawa ba, gida yake zuwa. Amma kafin in yi murna na ci gardama, sai ya ce, "Ita ma ta yi gaskiya. Ina nan ina sauraron gidan aro, ga na gaske can ana kirana wanda aka kashe." Ya ce abu ɗaya ne ya riƙe shi, wa zai riƙa gaida Inna ranar Juma'a. Na ce, "Ni da na gama zama gawa, mikrobas ne zai gagare ni?"

Zai taho bayan Salla tare da Hajiya Husaina. Ki ce mata mutum ne, kada ta manta shi cikin abaya. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce na ji ba. Wasa dai bai watse ba. Ni ne gawa yanzu, Zainul ne mai bincike, Allah ya ji ƙan masu kallo. Kawu yana koya mini yatsa kullum da yamma, yana dukana da carbi in na motsa.

Zanen Inna yana cikin akwatinsa, naki ne. Ki aiko mini da wani, tsoho, wanda ya sha hayaƙin murhunki. Sabo ba zai yi ba.

Abu na ƙarshe, kuma wannan roƙo ne. In kin ga ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da rana ya kwanta ya rufe ido, kada gabanki ya faɗi, kuma kada ki hana yara surutu. Ki bar taɓarya ta yi ta yi. Ba barci yake ba, saurare yake.

Ki buɗe lambata, don Allah. Ranar da ya iso ki kira ni, ki ajiye wayar a bakin turmi. Ba zan ce komai ba. Na koya.

Ƙanenki,
Tanimu